Inda Layin Kumai Ya Tsallake na Kaka

"Lafiya ƙalau, mijina, sai yunwan da ka bar ni da shi. Wane irin miji ne zai taso daga Kafanchan hannu na dukan cinya?"

Kumai bai ko zauna ba kakarsa ta tare shi da wannan magana. Ya iso Kagoma ranar Asabar da wata takarda mai ƙananan gidaje a naɗe, kuma kowa a gidan ya san abin da ya kawo shi. Tun yana firamare kakarsa Yemima ta yi masa alkawari cewa ranar da ya fi ta tsawo, keken marigayi mijinta Azariya ya zama nasa. Kowace Kirsimeti ana ja musu alama da ƙusa, shi a wannan gefen ƙofa, ita a wancan, don tsohuwar ta rantse ba za ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da yaro ba. Ni dai da nake zaune a gidan, a ganina ta yi alkawarin ne da tunanin danginsu kaf gajeru ne. To, bana an koya wa Kumai zanen giraf a makaranta, ya bi alamomin nan da tef ya auna su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba hannu biyu na zo ba, Kaka. Na kawo miki sammaci."

"Sammaci a takardan ƙosai?"

"Giraf ne. Dubi nan ƙasa, shekaru ne a jere. Nan gefe kuma tsawo. Kowace Kirsimeti ɗigo ɗaya, sai na haɗa ɗigon da rula. Jan layi naki, baƙi nawa."

Ta karɓa, ta miƙa hannu can nesa tana ƙanƙance ido. "Yawwa, Yesu, na gode maka. Ga ja a sama, ga baƙi yana gangarawa rami."

"Kin juya takardar ƙasa a sama."

"Ni na haifi ubanka, za ka koya mini riƙe takarda?" Ta juya ta tana tsaki. "To, nan fa da baƙin ya kwanta kamar malalacin kare?"

"Shekarar da na yi taifot ke nan, ban ƙaru ba."

"Ƙarya. Shekaran da ka ce tuwon acca na ba daɗi ne. Allah ya kama ka."

"Bar nawa, mu zo kan naki. Kin ga yana sauka a hankali, a hankali? In ya ci gaba haka, nan da shekara ɗari a aljihun riga zan riƙa kai ki kasuwar Kwoi."

"Naka kuma in ya ci gaba da hawa haka, ranan aurenka sai an cire kwanon coci kafin ka shiga. Wace yarinya za ta auri falwaya?"

"A'a, Kaka. Malama Scholastica ta ce ba a jan layi ya wuce inda aka auna."

"To wa ya ba ka izini ka ja nawa har cikin aljihu?"

Nan kam ta kama shi, sai ya sosa ƙeya. Amma yaron bai zo da wasa ba. Ya ɗora yatsa a ƙarshen jan layin.

"Wannan fa? Shekara da shekaru kina sauka, sai bana kawai kika yi tsalle sama. Wa yake ƙara tsawo bayan haƙoransa sun zube?"

"Addu'a ne."

"Gwaggwaro ne! Ɗaurin da kika yi ranar Kirsimeti ya kusa taɓa silin."

"Ɗankwali ba jikina ba ne? A kan wa yake zaune?"

"Na yarda, na bar miki shi. Ko da shi ɗin ma, dubi nan. Bara layukan suka haɗu. Bana baƙi ya tsallake ja. Inda suka gicciye, nan keke ya sauya mai shi."

Kaka Yemima ta daɗe tana kallon wurin da yatsansa yake. Gaskiyar magana tsohuwar ta ba ni tausayi, don keken nan yana jingine kusa da gadonta tun rasuwar Azariya, kullum sai ta goge shi kafin ta share ɗaki.

"Na gani tun bara," ta ce. "Ba sai da rula ba. Da ka sunkuya za ka gaishe ni na sani. Ban so in tashi da safe in ga wurin keken wayam ne kawai."

Kumai ya fara naɗe takardarsa. "To ki bar shi, Kaka. Giraf ɗin ma maki kawai nake nema da shi."

"Ji maƙaryaci! Idonka yana kan keken nan tun kana fitsarin kwance." Ta fashe da dariya, ta kwance bakin zaninta, ta jefa masa makullin keken. "Ɗauka, dogon banza. Tayan baya ba iska, je ka nemi famfo. Gobe Lahadi kai za ka goya ni zuwa coci, yadda kakanka yake yi. In ka kayar da ni a hanya, auren ya mutu."