Sunan da Malam Buba Ya Ƙi Faɗa

Tarihin shari'a a ƙasar Katagum ba zai cika ba sai an sa ranar da na yi alƙalancin ƙwallon kwando a Azare. Ba zan manta da ita ba, don ko na so mantawa, mutanen garin nan ba su da niyyar bari na.

Lokacin Turawa suna nan, ni kuma sabon malami ne mai gajeren wando da doguwar safa. Wani Baturen makarantu ya bar mana ƙwallo da usur da ɗan littafin dokoki. Muka fasa gindin kwanduna biyu, muka ɗaure a kan azara. Da yake ni kaɗai na karanta littafin (sau uku, har da sunan maɗaba'a), sai na zama mai koyar da yaran Azare, kuma alƙalin wasa. Ban ga aibin haka ba, har yau ma ban gani ba.

Doka ta ce kowane malami ya miƙa sunayen 'yan wasansa kafin a busa usur. Wanda sunansa bai shiga ba kafin nan, ɗan kallo ne.

Ranar wasa, yaran garin Katagum suka iso a bayan motar gyaɗa, jikinsu duk ƙura, su biyar cif kamar namu. Malaminsu, Malam Buba, Bafillace ne dogo mai magana ƙasa-ƙasa, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya miƙo takardarsa. Sunaye huɗu ras, na biyar kuwa an rubuta "yaron nan".

Na ce, "Malam, wane ne yaron nan?"

Ya nuna da haɓa, bai ko juya ba. Wani siririn yaro ne da ya fi kowa tsawo, yana ta buga ƙwallo a ƙasa, murna ta hana shi tsayawa wuri ɗaya.

"Sunansa nake so."

"Ai ga shi nan, Malam."

"Na gan shi. Doka ba ta ce a nuna ba, cewa ta yi a miƙa suna."

Malam Buba ya dubi ƙasa. Ɗan farinsa ne, kuma na sani sarai Bafillace irinsa ba zai kama sunan ɗan fari ba ko da bakin wuƙa. To amma ni na karanta littafi, ga jama'a sun kewaye fili, har da dagatai a kan kujeru. Ina zan kai ilimina idan na yi lako-lako?

Mutane suka fara ihu, "Usmanu ne! Alƙali, Usmanu!" Wani mahauci ya ce, "Kai ɗan boko, ko kunnenka ma sai an rubuta masa?"

Na ce malami ke miƙa suna, ba 'yan kallo ba. Na ɗaga usur, na ba shi dama ta ƙarshe. Malam Buba ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri." Na busa. Usmanu ya ajiye ƙwallon a hankali, ya je ya tsuguna a gindin tsamiya.

Sai hedimastanmu, dattijon da bai taɓa ɗaga murya ba, ya taso yana gyara rawani. Ya ce, "Madalla da adalci. To, Malam, karanta mana na Azare mu ji."

Na buɗe murya irin ta aji. Na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. A na biyar harshena ya maƙale. Da hannuna na rubuta "Mai-sunan-Baba". Yaron sunan mahaifina gare shi, kuma tun da ya shigo ajina ban taɓa kiransa da shi ba (a nan ma ba zan rubuta ba, kada ku jira).

Hedimasta ya ce, "Muna ji."

Mahaucin nan ya ce, "Faɗi mana, ai doka ba ta ce a nuna ba!"

Fili ya ɓarke da dariya. Gumi ya bi safata har cikin takalmi. Malam Buba kaɗai bai yi dariya ba, ya ma kau da kai don kada ya ga kunyata, abin da ya fi dariyar ciwo.

Hedimasta ya raɗa mini cewa in mayar da yaran biyu a wuce wurin. Na ƙi. Usur ya riga ya busu, kuma alƙalin da ke warware hukuncinsa saboda dariya bai cancanci igiyar usur a wuya ba. Na nuna wa Mai-sunan-Baba gindin tsamiya. Ya tafi yana harara ta, Usmanu ya matsa masa.

Har gobe ina nan a kan bakana: hukuncin daidai ne, kuma na raba shi babu son kai. Abin da na koya kawai shi ne, kafin ka binciki takardar wani, ka leƙa taka a ɓoye.

Aka yi wasa huɗu da huɗu har rana ta yi sanyi, aka tashi babu ci ko ɗaya. Da ma yaran da ke gindin tsamiya su kaɗai ne suka iya jefa ƙwallo a kwando.