Bokiti Hamsin da Hoton Wani Ango

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin ƙawata Saddiƙa ba, ko da na so in manta dangin mijinta ba za su bar ni ba.

Abin ya faro ne daga niyya mai kyau. Waya ta cinye ni, ina girki ina latsawa, ina sallame salla hannuna na laluben ta. Ranar da na ƙona tukunyar wake ina karanta faɗan wasu mutane da ban ma san su ba, na ce ya isa haka. Na rubuta dogon bankwana a soshiyal midiya (har da nasiha ga waɗanda na bari cikin ɓata), na kashe babbar wayar, na cusa ta ƙasan akwati da layinta a ciki. Na sayi 'yar ƙarama mai maɓalli da sabon layi. Maigidana da Mama da hedimastan makarantar da nake koyarwa kaɗai na ba lambar.

Satin farko na sha wuya, babban yatsana sai shafa iska yake yi. Daga baya barci ya dawo, na koma karatun Alƙur'anin da na daɗe da yin watsi da shi, abincina ya daina kamu. Sai na fara jin kaina wata waliyyiya. Duk wadda na gani da waya a hannu sai in girgiza kai don tausayi.

Saddiƙa kuwa tun firamare muke tare. Gidansu na Ƙofar 'Yandaka, ni ina Ƙofar Marusa, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, amma wata biyu ban leƙa ta ba. Me zan je yi? Na san ranar biki, ankona a ɗinke, angon ma Nura na san shi. Sai na shirya mata bazata: bokitin roba hamsin na rabo, kowanne da sitika mai hotonta da Nura, ga sunana ɓaro-ɓaro a ƙasa don kada wata ta ci ladana.

Ranar yini na isa bayan la'asar, Keke Napep cike da bokitai. Na tarar da dangin ango a tsakar gida, sun zo ɗaukar amarya. Da yake ni mai tarbiyya ce, da su na fara rabon, ina russunawa.

Wata dattijuwa ta ɗaga nata bokitin, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Ɗiyata, wanga yaro wane ne?"

"Ango mana, Hajiya! Nura ke nan," na ce, har da dariyata.

"To mu dai ɗanmu Mustafa sunanshi. Halan gida kika ɓata?"

Ban ankara ba Anti Hadiza, yayar amarya, ta fizgi hannuna zuwa bayan ɗaki.

"Ke wace duniya kike? Nura ya janye tun sati shida da suka wuce! Mustafa ya daɗe yana son ta, ya fito, ta amince, iyaye suka ce rana ba za ta tashi ba. Ba abin da ba a sa a guruf ba!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na koma ina bin bayin Allah ina karɓe kyautar da na ba su da hannuna. Wata tsohuwa ta rungume nata ta ce, "Ni bokiti aka ba ni, mi ya haɗa ni da ango?"

Amma kunyar gaske tana cikin ɗaki. Saddiƙa na zaune bakin gado cikin lulluɓi, labari ya riga ni isa.

"Ba bokitan suka dame ni ba," ta ce a hankali. "Sati biyu na yi ina kuka. Na kira ki ya fi a ƙirga, a kashe. Kin ce kin bar waya, ban san har da ni kika bari ba."

Wallahi na fi jin wannan a kan duk idanun tsakar gida. Ashe shekara da shekaru wayar ce ke yi mini zumunci, da na ajiye ta ban sa komai a gurbinta ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri ina hawaye. Ta ɗauki bokiti ɗaya, ta ƙura wa sitikar ido.

"Ko a nan ma na fi shi kyau," ta ce, ta sa farce ta yage gefen Nura.

Muka fashe da dariya. Ƙawaye suka kawo ruwan ɗumi, muka zauna ɓare sitika da ankonmu, kafin magariba an raba bokitan tas.

Har yau ban koma soshiyal midiya ba, kuma ban yi nadama ba. Sai dai na ba mutane lambata, duk Asabar kuma ina bisa hanya, in ba gidan Saddiƙa ba to gidan wata. Da aka ce zumunci a ƙafa yake, na ɗauka karin magana ce kawai. Wanda zai ajiye waya, ya tanadi takalmi mai ƙwari.

Dangin Mustafa kuwa "Mai Bokiti" suke kirana, ina kuma amsawa.