Minshari a Lasifika

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na hau katifar Alhaji Sabo a tsakiyar kasuwar Matameye. Har yau idan na wuce layin 'yan tumatir sai wata ta rufe ido ta ja minshari. Ina gaishe ta in wuce.

Yayana, Allah ya jiƙansa, shi ne mai yi wa Alhaji Sabo tallar katifun da yake sayarwa. Dabararsa ba irin ta kowa ba ce. Ranar kasuwa sai a shimfiɗa katifa a kan amalanken jaki, ya kwanta da mikro a bakinsa yana minsharin ƙarya, lasifika na watsawa. In mutane sun taru sai ya zabura ya ce, "Wayyo! Wa ya tashe ni daga katifar Alhaji Sabo?" Da wannan yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa. Ni aikina ɗaura waya da cajin batir.

Bayan rasuwarsa Alhaji ya ce zai ba wasu samarin Damagaram aikin, masu yin bidiyo a waya.

Na ce, "Alhaji, aikin gidanmu ne. Ni zan hau."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ko sallama sai an matso ake jin ka?"

"A gwada ni."

(Abin da ban gaya masa ba, tun da muka dawo daga maƙabarta barci bai ƙara zama a idona ba.)

Ranar ta zo. Malam Idi mai amalanke ya ja jaki, na kwanta, na fara minsharin da na koya a gida. Katifar kuwa, a faɗi gaskiya, tana da kyau. Ga amalanke na rausaya a hankali. Na ce bari in rufe ido sosai don abin ya yi kama.

Sauran labarin a bakin mutane na ji shi. An ce an taru ana jiran in zabura, ban zabura ba. Malam Idi ya ɗauka sabon salo ne, ya ci gaba da zagaye. Muka ratsa 'yan hatsi, muka ratsa 'yan dabbobi, minsharina na gaske yana fita a lasifika har fatake daga Kurni suna riƙe ciki. Sannan na yi magana cikin barci, kasuwa duk ta ji:

"Yaya, matsa mana. Ka cinye mini tabarma."

An ce wasu sun yi dariya, waɗanda suka san shi kuma suka yi shiru.

Na farka a bakin tasha, miyau ya jiƙa mikro, Alhaji na tsaye a kaina yana huci.

"Ka mayar da ni abin dariya! Ko sunana ba ka ambata ba! Sauka!"

Kunya ta kama ni. Amma na tuna in na sauka shiru, shi ke nan, tukunyar gidan Yaya ta sauka tare da ni. Na goge baki na ce:

"Alhaji, Yaya barcin ƙarya yake yi. Ni na gaske na yi, a tsakiyar rana, cikin hayaniyar kasuwa. Samarin Damagaram za su iya wannan?"

Wata Hajiya mai saida daddawa ta ce, "Wallahi ka bar shi, Alhaji. Katifar da ta kwantar da mai makoki ai ba ta buƙatar kirari."

Alhaji ya yi tsaki, ya gyara hula. "Kasuwa mai zuwa. In ka sake barci, jakin zan ba mikro."

Har yanzu ni ke hawa, kuma ban ba kowa haƙuri ba. Abu ɗaya na koya: mai tallar katifa ya fara yin barcinsa a gida, in kuwa ya kasa, to ya kashe mikro.