Ranar da Na Ce wa Alhaji Buba Ya Yi Kuka

Wataƙila wasu abubuwan sun shige mini, amma ga abin da na riƙe.

Ban daɗe da dawowa Talata Mafara da digirin nazarin halayyar ɗan Adam ba, ƙafar Baba ta kumbura. Sai ya tura ni Maradun in yi wa amininsa, Alhaji Buba, ta'aziyyar ƙaninsa. Ban taɓa wakiltar gidanmu ba, don haka na ƙudurta sai an san Baba ya haifi mai hankali. A mota na yi ta bitar darasinmu: danne baƙin ciki yana da illa.

Na tarar da dattawa a kan tabarmi, na durƙusa muka gaisa. Maimakon in ce "Allah ya jiƙan shi" in koma gefe, sai na kama hannun Alhaji, mutumin da ko 'ya'yansa ba su taɓa ganin hawayensa ba.

"Baba, kada ka danne. Yi kuka, ina sauraronka."

Alhaji ya zare hannunsa a hankali.

"Ɗan wa na wanga?"

Aka gaya masa.

"Ku ba shi ruwa. Rana ta buge shi."

Na shanye ruwan tas. Tun ranar Baba bai sake aika ni ko suna ba. Har yau in na ratsa kasuwa, mahauta sai sun ɗaga murya: "Malam Yi-kuka, muna sauraronka!"

Wasu na cewa har kafaɗarsa na dafa. Ina jin ban yi ba, amma duk wanda ke kan tabarmin ranar, don Allah ya aiko mini da gyara.