Binciken da Na Yi wa Darakta

Shekara tara ina gadin sito a Malbaza, sai na ji wata cibiyar bincike kan tsaro da haƙƙin ɗan Adam na neman ƙwararru a Konni. Na ce ai ni suke jira. Na ɗauki gorata na tafi.

A buro, wato ofishinsu, daraktan ya ce, "Malam, wane irin bincike ka taɓa yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, miƙe ka gani."

Na lalube shi tsaf, har na zaro kwalin taba daga aljihunsa. Lauyarsu da ke zaune a gefe ta ce, "Alhaji, ba ka ce ka daina ba?"

Ashe binciken takarda suke nufi.

Labari ya bazu, aka laƙaba mini Dokta mai bincike. Har yau in na shiga kasuwa, mahauta hannu suke ɗagawa: "Dokta, wallahi ba mu da komi!"