Wayar Falmata Mai Ƙara

A shekarun da ko taya ce ta fashe sai Maiduguri ta watse, na yanke shawarar saya wa 'yata Falmata waya. Shekararta sha ɗaya, makarantarsu na Yerwa, mu kuma muna can unguwar Dala. Ina so duk sanda gari ya rikice in same ta.

Uwarta ta ce, "Baban Falmata, ka tafi da wanda ya san waya mana."

Na ce, "Ni da nake gyara wa mutane rediyo?"

A kasuwa sharaɗina ɗaya ne, a ba ni wadda ta fi kowace ƙara. Mai shagon ya ɗauko wata ta hannu, ya ce bari ya jiyar da ni kukanta. Na ce ba ni da lokaci.

Bayan la'asar muna zaune da maƙwabta a ƙofar gida, na ce su saurara su ji zaɓen masana. Na kira wayar, tana cikin gida wajen Falmata. Daga bayan katanga sai muka ji ruwan harsashi, ta-ta-ta-ta! Ashe mai wayar na farko ƙarar bindiga ya sa mata.

Kowa ya gudu gidansa wajen iyalinsa. Ni kuwa kwata na faɗa, na kwanta rub da ciki. Ina nan Falmata ta leƙo, wayar na ta harbi a hannunta.

"Baba, in ɗauka ne?"

Tun ranar suka raɗa mini suna Kwamanda. Har yau in na doso majalisa, sai wani ya ce, "Ku kashe wayoyinku, Kwamanda ya sa fararen kaya."