Kabarin Anno

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na raba mutanen ƙauye guda da gonakinsu ba, duk saboda kalma ɗaya.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Auyo. Da ambaliya ta janye, sai ta bar wani faffaɗan dutse a bakin hanyar fadama, ciyawar kachalla ta kewaye shi. Wata safiya na tsayar da babur a wurin. Tururi na tashi a kan ruwa, ko kukan tsuntsu babu. Na share taɓon da hannu, sai ga rubutun boko: ANNO, da wasu lambobi da suka goge. Ina tsugune na ji nishi daga ƙarƙashin dutsen, dogo, a hankali, kamar na mai jinya. Ya ɗauke, ya sake dawowa. Na zabura na haye babur. (Takalmina ɗaya yana can har yau.)

Da yamma a majalisa na ce, "Kabari ne. Wata Baturiya ce, Anno, ruwa ya ci ta." (Ban san inda na samo Baturiyar ba, bakina ne ya haife ta.) Tunda malamin makaranta ne ya faɗa, wa zai musa? Ba a jima ba wani masunci ya rantse ya ga farar mace tsaye cikin kachalla da magariba, ba ta motsi. Manoma suka ƙaurace wa hanyar, tsuntsayen jan-baki suka samu shinkafa ba mai kora.

Mai unguwa ya gayyato wani dattijon injiniyan ruwa daga Haɗeja. Gari ya taru nesa da dutsen, aka tura ni gaba.

"Malam, kai ka karanta wannan?" in ji injiniyan.

"Ni ne, yallaɓai."

"Anno ba mutum ba ce. Latinanci ne, ma'anarsa 'a shekarar'. Shekarar da aka gina kwalbatin nan aka rubuta. Nishin kuma ruwa ne ke wucewa a bututu."

Mai unguwa ya juyo ya dube ni.

"Ashe shekara muke gudu, Malam?"

Wani tsoho a baya ya ce, "Ai ita ma tana cin mutum."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar na zama Malam Anno, har a bakin ɗalibaina. Na dai koyi darasi: in ka ga kalmar da ba ka sani ba, tambayi ma'anarta kafin ka haƙa mata kabari.